Ku Tambayi Anti: Tunda na ƙara jiki ƙafata ta hana ni sakat

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni a kan ciwon ƙafa sun taru min da yawa, kuma kusan duk wanda ya rubuto sai ya haɗo da maganar ƙiba, ko shi ya lura da kansa ko kuma wani ne ya yaɓa masa maganar. Na tsinci wasu na ɗan rage musu tsawo, sauran ku duba da kyau wataƙila amsarku na ciki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni dai shekarata 39, tsayina mita 1.62, da can kilo 70 nake amma cikin shekara uku na koma 88 ban ma san yadda akai ba. To matsalar yanzu dunduniyata ce ta dama, wlh da safe in na sauko daga gado takun farko ji nake kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango nake isa banɗaki, in na ɗan zazzagaya sai ya lafa, in na zauna na jima na miƙe kuma ya dawo sabo. Wasu sunce sanyi ne wasu sunce ƙashi ne ya tsiro min. Dan Allah ƙibar ce ta jawo ko kuwa?

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika zayyano abin nan, takun farko da safe, ya lafa in an motsa, ya dawo bayan dogon zama, wannan kusan sak alamun abin da likitoci ke kira falanta fashiyaitis ne, kuma shine kan gaba a cikin masu kawo ciwon dunduniya ga manya, ana ƙiyasin mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa. Ba sanyi bane.

Bari ki ji yadda abin yake. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta da gaɓa 33, kuma ba a shimfiɗe ƙasusuwan suke ba, a lanƙwashe suke kamar baka, shiyasa tsakiyar tafin ƙafa baya taɓa ƙasa. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai kauri da faɗi da ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu, ita ce tsirkiyar bakan. Duk takun da kika yi nauyinki na danna bakan yana so ya baje, tsirkiyar ce ke ɗamewa ta riƙe shi. To kinga ƙasusuwan nan da jijiyar nan girmansu ya tsaya tun kina 'yan mata, da kika ƙara kilo 18 su ko kaɗan basu ƙaru ba, kayan ne kawai aka ƙara musu.

Kuma ba kilo 18 ɗin kaɗai ke sauka a kansu ba. A tafiya ta yau da kullum abin da ke dira kan ƙafa a kowane taku ya ɗan ɗara nauyin jiki, kamar ninki 1.2, wato ƙarin kilo 18 ɗinki ya zama wajen kilo 21 a duk taku, in kina taku 5,000 a wuni sai ki lissafa da kanki, ya haura tan 100 na ƙarin kaya da ƙafafun nan biyu ke raba wa junansu kullum ba hutu ba ranar Lahadi. A hankali inda jijiyar ta manne da ƙashin dunduniya sai ya fara 'yan ƙananan tsagewa yana gajiya. Dalilin da yasa safiya ta fi muni kuwa, in kina barci ƙafar a sake take yatsu sun kalli ƙasa, jijiyar ta tsuke ta fara haɗewa a gajarce, kina dirowa daga gado kin ɗora mata kilo 88 lokaci guda kin fizge ta.

Da lissafin BMI, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi, da kina wajen 26.7 yanzu kin kai 33.5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 take cewa nauyi ya wuce kima, daga 30 ya zama teɓa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya samu cewa masu BMI sama da 30 sun ninka waɗanda basu wuce 25 ba fiye da sau 5 wajen yiwuwar kamuwa da wannan ciwo. To amsar tambayarki eh, ƙibar na da hannu dumu-dumu. Amma wani abin da mutane basu cika ji ba, a wannan binciken dai abin da ya fi ƙiba ƙarfi shine taurin idon sawu, wato mutum ya kasa ɗago ƙafarsa sama sosai saboda naman sha-raɓarsa da agararsa sun ɗaure. Ni wannan ya fi burge ni saboda shi kam ana iya fara gyara shi yau yau, ba sai an jira sikeli ya sauka ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba na nauyi ba. Kitse ba kaya ne da ke kwance shiru ba, yana fitar da sinadarai cikin jini masu rura kumburi da ƙara wa jiki jin zafi, shiyasa ma ake samun masu teɓa sun fi yawan ciwon gaɓoɓin yatsun hannu alhali babu mai tafiya da hannunsa.

Maganar ƙashi ya tsiro, eh wani lokacin hoton ƙashi kan nuna ɗan tsini a ƙasan dunduniya, amma mutane da yawa na yawo da tsinin nan basa jin komai, wasu kuma ciwon kamar me amma hoto fes. Kar ki bari wani ya tsorata ki da zancen sai an yi aiki an kankare.

Ga abin da zaki fara. Da safe kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa, zauna a bakin gado ki ɗora ƙafar mai ciwo kan ɗaya gwiwar, ki kama yatsun duka ki ja su baya wajen ƙwabri har ki ji tafin ya ɗame, in kika shafa da ɗaya hannun zaki ji jijiyar ta taso, ki riƙe ki ƙirga goma ki saki, sau goma, ki maimaita haka sau uku a wuni musamman in kin daɗe a zaune. Sai miƙa sha-raɓa, ki fuskanci bango ki dafa, ƙafar mai ciwo a baya gwiwa a miƙe dunduniya a ƙasa, ki tura jikinki gaba na sakan 30. In ya ɗan lafa sai ki ƙara da ɗaga dunduniya a hankali a kan matakala, da ɗan tawul a naɗe ƙarƙashin yatsu, rana ɗaya ki yi rana ɗaya ki huta. Da yamma in yana zugi ki murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin na minti goma. Sannan ki daina yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil ko da cikin ɗaki ne, ki ajiye takalmi mai laushi a gefen gado, silifas ɗin nan shafal da ake iya naɗe shi a hannu kuma ki yafe shi tukunna.

Sai haƙuri fa, dan ciwon nan baya tafiya da wuri, watanni yake yi, amma mafi yawan mutane, wajen 8 zuwa 9 cikin 10, suna warkewa cikin shekara ba tare da an yanka su ba. Allurar da ake yi a dunduniya tana kwantar da zafin na 'yan makonni, sai dai in aka yawaita ta tana iya cinye kitsen da ke matashin dunduniyar ko ta raunana jijiyar har ta tsinke, kar ki mayar da ita abin komawa duk wata. In kin yi wata biyu zuwa uku kina waɗannan ba canji, ko kuma zafin baya barinki ko kina kwance, ki je a duba.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni sana'ata aski, a tsaye nake wuni, nauyina kilo 110. Naje asibiti da ciwon ƙafa likitan ko takalmi bai ce in cire ba yace inje in rage ƙiba kawai. Sai na fara gudu da safe, sati biyu ƙafar ta ƙara rikicewa, gefen ciki ƙasan idon sawu ke zugi har ya ɗan kumbura, matata tace tafin ƙafar hagun ya baje ba kamar da ba, takalmina ma ta gefe ɗaya yake cinyewa. To ya zan rage ƙiba ni da tafiya ma ke gagara ta?

AMSA: Malam wannan tambayar taka ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Ƙiba ta kawo ciwon ƙafa, ciwon ya zaunar da mutum, zaman ya ƙara ƙiba, kowanne na ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi, kuma wanda aka sallama da "je ka rage ƙiba" ba tare da an taɓa ƙafar ba gaskiya an ba shi rabin magani ne. Maganar likitan ba ƙarya bace amma bata isa ba. Rage kilo 10 na iya cin wata huɗu ko biyar, ƙafar kuma gobe da safe zaka taka ta zuwa shago, dole a kula da su biyun tare.

Wurin da ka nuna ya sa na fi zargin wata jijiya da ke saukowa daga sha-raɓa ta zagayo ta bayan ƙashin idon sawu na ciki ta shige ƙasan ƙafa, aikinta ɗaga tsakiyar tafin duk lokacin da ka taka. In kaya ya mata yawa shekara da shekaru sai ta saki, tafin ya fara bajewa dunduniya ta karkace waje, kuma teɓa da ciwon suga da hawan jini duk suna cikin abubuwan da ke gaggauta hakan, duk da dai an fi ganinsa a mata da suka wuce 40. Gwada wannan a gida, ka dafa bango ka ɗage ƙafar dama, ka yi ƙoƙarin ɗaga dunduniyar hagu ka tsaya kan yatsu. In ka kasa ko zafin ya soke ka a wurin, alama ce. Sannan ka tsaya madam ta kalle ka ta baya, in ta hango yatsu sun leƙo ta gefen waje a ƙafar hagu fiye da ta dama, wata alamar ce. Wannan kam ba na zama a gida bane, ka koma ka nemi likitan ƙashi ko masu fisiyo, ka cire takalmin da kanka ka nuna musu, dan tun ƙafar na lanƙwasuwa ana iya tallafarta da soson takalmi na musamman mai tudu a tsakiya ko abin ɗaure idon sawu da motsa jiki na ƙarfafa jijiyar, in ta riga ta sandare a bajen kuwa magana ta koma ta tiyata.

Gudun nan kuma ka ajiye shi. A gudu abin da ke sauka kan ƙafa ɗaya yakan kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki, kai mai kilo 110 kana dira mata kilo 220 zuwa 330 kenan a duk tsalle, a kan jijiyar da dama tana kuka. Ba a fara rage ƙiba da gudu in ƙafa na ciwo. Keke, ko na hawa ko na tsaye wuri ɗaya, iyo ko tafiya cikin ruwa in da hali, motsa hannuwa da ɗaga ɗan nauyi kana zaune kan kujera, duk suna sa zuciya aiki ba tare da an daki tafin ƙafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 a sati ta ce ga manya, kuma bata ce dole sai da gudu ba, ka fara da minti goma goma.

Wani abin da zai kwantar maka da hankali, yawancin nauyin da mutum ke zubarwa ta wajen abin da yake ci da sha ne, ba ta wajen gumi ba. Abin sha mai zaƙi da ake kurɓa tsakanin kwastoma da kwastoma, ciye-ciyen tsaye, cika faranti da dare bayan an wuni ba a ci ba, nan ne kilo ke shigowa. Kuma ba a ce ka koma yadda kake kana saurayi ba, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 5 da rabi zuwa 11, ya isa jiki ya fara jin bambanci, a hankali rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Masu bincike a jami'ar Wake Forest ta Amurka sun auna a 2005 suka ga duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage, kayan da ke kan gwiwar na raguwa da kusan kilo huɗu a kowane taku. Gwiwa suka auna ba tafin ƙafa ba, amma duk abin da ya ratsa gwiwa ai a ƙasa yake ƙarewa.

A shago kuma ka samu doguwar kujera mara jingina ka dinga ɗan ɗosana mata in aikin ya ba da dama, ka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri inda kake tsayawa, ka sa kambas mai igiya wanda bayansa ke da ƙarfi in ka matsa da yatsa baya lotsawa. Takalmin da ya riga ya cinye ta gefe ɗaya ka rabu da shi, ƙara karkatar da ƙafar yake.

TAMBAYA: Anti ni fa siririya ce kilo 52 amma irin ciwon dunduniyar nan na safe nake fama da shi, kenan ƙiba ba ruwanta?

AMSA: Da ruwanta 'yar uwa, sai dai ba ita kaɗai bace. Doguwar tsayuwa, fara gudu ko doguwar tafiya bagatatan, taurin agara, tafin ƙafa mai zurfi sosai ko shafaffe, takalmi mara tallafi, kowanne na iya kawo shi. Ki bi abin da na gaya wa ta farko, banda rage nauyi, ke kam kar ki rage ko giram.

TAMBAYA: Anti bayan haihuwata ta biyu na ƙara jiki sosai kuma duk takalmana sun min kaɗan, da 39 nake sawa yanzu sai 41 kuma gaban ƙafar na min zafi in na matsa na saka tsofaffin. In na rame zata koma?

AMSA: Wani ɓangare zai koma wani ba zai koma ba. Kumburi da kitsen da ya taru a saman ƙafar da gefenta zasu ragu in kin sauke nauyi, kina iya dawowa 40. Amma lokacin goyon ciki jiki na fitar da wani sinadari mai suna rilaksin da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwa dan a samu hanyar haihuwa, kuma baya zaɓe, har na ƙafa yake sassautawa, ga nauyin ciki a sama, sai tsakiyar tafin ya ɗan sauka ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi. An bi mata masu ciki a jami'ar Iowa an auna su kafin da bayan haihuwa, a rahoton 2013 an ga ga da yawansu wannan ƙarin na dindindin ne, kuma cikin fari ya fi yin aikin.

Dan haka kar ki ajiye takalma kina cusa ƙafa kina jiran ranar da zaki rame, matsin ne ke kawo zafin gaban ƙafar da taurin fata da karkacewar babban yatsa da shigar farce cikin nama. Ki sayi takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, ki gwada a tsaye da ƙafafu biyun, ki bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Mai tsini kuma yawancin nauyin gaba yake turowa kan gindin yatsu, ga wadda ta ƙara jiki abin ya zama biyu, tudun santimita 2 zuwa 3 mai faɗi ya fi shi ya kuma fi shafal ɗin ma.

TAMBAYA: Salam Anti. Shekarata 47, ina da tumbi gaskiya kuma ina shan maganin hawan jini. Na yanke shawarar ramewa da ƙarfi na koma cin abinci sau ɗaya ɗan kaɗan, kwana biyar da farawa cikin dare babban yatsan ƙafata ya tashe ni, ya kumbura yayi ja yana sheƙi, ko bargo ya taɓa sai nayi ƙara. Ban buge ba ban taka komai ba. Meye wannan?

AMSA: Yallaɓai wannan yafi kama da gawut, kuma shi hanyarsa daban da duk na sama, ba danna ƙafa nauyin ya yi ba, ta cikin jini ya biyo. Akwai wani sinadari yurik asid da ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari, in ya yi yawa sai ya daskare ya zama 'yan ƙananan tsinaye a cikin gaɓa, kuma gindin babban yatsan ƙafa ne wurin da ya fi so, da dare ya fi kai farmaki. Teɓa na sa jiki ya ƙara samar da shi ƙoda kuma ta rage fitar da shi. Giya, lemon kwalba mai zaƙi, yawan jan nama da kayan ciki suna ƙara shi, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, ka kai wa likita kwalin naka ya gani amma kar ka daina sha da kanka.

Abin takaicin shine niyyarka mai kyau ce ta taso shi. Horon yunwa da ramewa bagatatan na ɗaga yurik asid na ɗan lokaci, ƙarancin shan ruwa ya ƙara, shiyasa mai gawut a hankali ake so ya rage nauyi. Ka koma cin abinci daidai ka rage yawa kawai, ka sha ruwa sosai, ka ɗaga ƙafar ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ka je asibiti a gwada jini. Wani lokacin gwajin kan fito lafiya lau ana tsaka da ciwon, sai an sake bayan sati biyu zuwa huɗu. Magungunan zafi irin su ibufurofen da daikulofenak suna aiki a kansa amma ga mai hawan jini ko olsa ko matsalar ƙoda ba abin sha kai tsaye bane. In kuma da zazzaɓi ko rawar ɗari tare da kumburin, yau ɗin nan zaka je ba gobe ba, dan ƙwayar cuta a cikin gaɓa ma haka take farawa kuma ita cikin kwanaki take lalata gaɓar.

TAMBAYA: Anti dan Allah mahaifiyata nake tambaya ma, shekararta 58 tana da jiki sosai. Da dare tafin ƙafafunta duka biyun ke mata raɗaɗi kamar wuta, wani lokacin tace kamar ana tsira mata allurai, wani lokacin kuma bata jin su sam har silifas ya fice bata sani ba. Muna dafa mata ruwan zafi tana tsomawa. Kowa cewa yake nauyi ne ya mata yawa.

AMSA: 'Yata ruwan zafin nan ku dakatar da shi daga daren yau, dan Allah. Mutumin da takalmi ke fice masa bai sani ba, ruwa zai dafa masa fata bai sani ba. Wannan ba ciwon nauyi bane, ciwon nauyi in an taka yake tashi in an kwanta ya lafa, na Mama kuwa a kwance ya fi ƙarfi, ƙafa biyu lokaci ɗaya, da raɗaɗi da sagewa, wannan jijiyoyin da ke kai saƙon ji ne suka taɓu, kuma abu na farko da ake nema ga mai jiki a shekarunta shine ciwon suga. Mutum na iya shekaru da shi bai sani ba, kuma kusan rabin masu suga sukan samu wannan matsalar a ƙafa in an daɗe. Ku kai ta gwaji da safe kafin ta ci komai, in ya kai 7.0 a ma'aunin milimol ko 126 a ɗaya ma'aunin to ya shiga layin suga, akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi daga kashi 6.5 cikin ɗari ne. In suga lafiya sai a duba ƙarancin bitamin B12 da ƙoda da tayiroid, wato halittar nan ta maƙoshi mai kawo maƙoƙo.

Kafin nan ke ki zama idonta, mai jiki da wuya ta iya sunkuyawa ta ga tafin ƙafarta. Kullum da dare ki duba ƙasan ƙafar da tsakanin yatsu da bayan dunduniya, ko akwai tsaga, ƙuna, bororo, wurin da ya yi ja ko baƙi. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannunki tukunna, a tsane tsakanin yatsu da kyau, a shafa mai a faso amma banda tsakanin yatsun, a zazzage takalmi kafin ta saka, kar ta taka ƙasa ba takalmi, kar kuma a kankare mata taurin fatar ƙafa da reza. Ɗan ƙaramin rauni a irin wannan ƙafar, ga nauyi na danna shi kullum ga shi bata jin zafin da zai sa ta ɗaga, shine ke zama gyambon da ake ta fama.

In tana kumburin ƙafa ma ki gaya wa likitan. Ƙiba na hana jini komawa sama da kyau ƙafafu su cika da yamma, amma zuciya da ƙoda da hanta da wasu magungunan hawan jini irin amlodifin duk suna kawo haka. Ƙafa ɗaya tak ta kumbura bagatatan da zafi a sha-raɓa kuwa, wannan gudan jini ake tsoro, asibiti kai tsaye ba tausa.

TAMBAYA: Anti kunya nake ji amma bari in faɗa. Shekarata 24, ana yawan min gorin rama sai ƙawata ta ban wasu ƙwayoyi na ƙara jiki, wata biyar ina sha na ƙara kilo 14. Yanzu fuskata ta yi suntum a kumbure, cikina ya fito da wasu layuka ja, ƙafafuna na ciwo in na tsaya kuma hawa bene na min wuya. In daina?

AMSA: Ƙanwata ba abin kunya, gara da kika faɗa. Yawancin ƙwayoyin nan abu biyu ne a ciki, ko maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci irin saifuroheftadin, ko kuma sitiroyid irin deksametason da furedinisolon, kuma kumburarriyar fuska da tumbi da jajayen layukan nan sun fi nuna na biyun. Shi ba jiki mai kyau yake ginawa ba, ruwa yake tarawa ya tura kitse fuska da ciki da ƙeya, a lokaci guda yana cinye naman cinya da ƙugu, shiyasa bene ke gagararki, ƙafafun kuma an ɗora musu kilo 14 cikin wata biyar ga tsokar da zata taimaka musu tana zagwanyewa. Yana kuma ɗaga suga da hawan jini, yana sa ƙashi ya yi rauni, wani lokacin ya kashe kan ƙashin ƙugu, dan haka in kina jin ciwo a matsematsi in kin taka ki tabbata kin faɗa.

Amma kar ki yanke shi rana ɗaya. Bayan wata biyar jikinki ya rage yin nasa sinadarin ya dogara da ƙwayar, in kika tsaya kwatsam jini na iya faɗuwa ki yi ta amai ki galabaita har ya zama na gaggawa. Ki ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ko da ba rubutu a jiki, ki kai wa likita cikin satin nan ki gaya masa tsawon lokacin da kika yi kina sha da guda nawa a rana, shi zai tsara miki yadda zaki dinga ragewa kaɗan kaɗan, a gwada miki suga da hawan jini a ranar. Ƙawar taki ma in tana sha ku tafi tare.